Daɓen da ke Bayan Gidan Andrawus

Litinin, 7 ga Agusta, 2023
Salome ta bugo daga Yola. Gida shida na duba na ƙi. Ta ce wannan na unguwar Yelwa shi ne na ƙarshe da za ta yarda ta saya mini, in na ƙi shi sai in tattara in koma wurinta. "Baba, ɗakin haya ya ishe ka haka." Wato in ƙare a ɗakin baƙi a gidan suruki. Shekara talatin da ɗaya ina duba gine-ginen gwamnati, yau 'yata ce ke ba ni wa'adi.

Laraba, 9 ga Agusta
An kwana ana ruwa, shi ya sa na zaɓi yau. Bobboi dillali ya so mu jira rana ta fito. Na san dalili.

Ɗaki uku da falo. Na ƙwanƙwasa bango da makulli: bulo na gaske, ba na yanzu da ake bugawa da yashi da addu'a ba. Kwano na yoyo a kusurwar kicin. Gara ta ci katakon taga ɗaya. Ruwa bai kwanta a tsakar gida ba. Ban sami hujjar ƙi ba, abin ya ba ni haushi.

A baya akwai daɓen siminti, an jibga itacen girki a kai. Bobboi ya ce sokawe ne, ramin ruwan bayi. Babu bututu, kuma bayi yana can wani ɓangare.

Alhamis, 10 ga Agusta
Ciwon gwiwa. Ban fita ba.

Asabar, 12 ga Agusta
Na koma ba tare da Bobboi ba. Na tarar da mai gidan, Andrawus, tsohon direba, ido ya fara mutuwa, 'ya'yansa za su mayar da shi Michika. Na ce a ɗauke mini itacen nan. Shi da kansa ya kwashe, ɗaya-ɗaya.

A kan daɓen an rubuta da ƙusa tun siminti yana ɗanye: Miriyamu, 2014. Matarsa ce. Ta rasu a makon da 'yan bindiga suka ci garin nan, babu hanyar maƙabarta, ya haƙa mata kabari a nan da hannunsa.

Ya ce, "Bobboi ya ce in an gani ba a saya. Ni ban so ɓoye ta da itace ba, Malam Zacharia."

Ga hujja na samu. Kabari a cikin fili yana karya darajar gida, ko yaron ofis ya sani.

Lahadi, 13 ga Agusta
Ban je coci ba. Salome ta kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Matata Eva ma a wancan makon na 2014 ta rasu, muna gudu ta kan duwatsu zuwa Kamaru. Mun jera mata duwatsu a gindin wata tsamiya. Na koma sau uku ban gane tsamiyar ba. Ni mai karanta taswira.

Asabar, 26 ga Agusta
An sa hannu a takardar cinikin gidan a gaban mai unguwa. Na sa an ƙara sharaɗi ɗaya: ba a taɓa daɓen, kuma makullin ƙofar baya ɗaya yana hannun Andrawus da 'ya'yansa. Bobboi ya ce bai taɓa ganin mai saye ya ɗaure kansa ba. Na ce ya yi aikinsa.

Na gaya wa Salome bulo ne ya ja ni.

Simintin ya tsage a gefen gabas, ruwa zai shiga. Na share wurin, na sayi rabin buhu. Gyaran gini ne kawai.