Yayen Afra a Nguru

Lahadi, 7 ga Satumba, 2025. Gashua

Afra ta jefa takalmin babanta a randa. Ɗaya kawai. Ɗayan ta zura ƙafa a ciki tana jan sa a tsakar gida. Sai da na zo ɗiban ruwan shayi na gan shi yana yawo a saman ruwa. Na ce wa ya yi wannan? Ta nuna kaza. Yanzu komai kaza ce ta yi. Wata ashirin da biyu a duniya, har ta iya ɗora wa wani laifi.

Na wanke randar. Faɗan dai bai yiwu ba, dariya ta ci ƙarfina.

Talata, 9 ga Satumba

Ta koyi salla. Wato ta koyi sujada, ita kaɗai take so. Ta kifa goshi a ƙasa, ta ɗaga ɗuwawu sama, ta leƙo ni ta tsakanin ƙafafunta ko ina kallo. Da Baban Afra ya tsaya nafila sai ta jira ya yi ƙasa ta haye bayansa. Bawan Allah ya daɗe a sujadar nan har na fara tausayinsa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Maganar yaye ta taso. Na san za ta taso, wata mai zuwa zan koma jami'a in ƙarasa shekarar da na ajiye, kuma yarinya ta isa. Abin da ban shirya ji ba shi ne inda za a kai ta. Baban Afra ya ce Nguru, wurin mahaifiyarsa Hajiya, mako biyu.

Da Ummata na raye, ai babu wannan zancen, hannunta zan miƙa wa. Sunanta yarinyar ta ci, Nana Khadija, shi ya sa muke ce mata Afra.

Ba wai ina da wani abu da Hajiya ba. Kowa a Nguru Ya Kellu yake ce mata (“Ya” uwa ce da Barbarci), kowa yabonta yake. Ni dai shekara uku ke nan ban san muryarta sosai ba. In na gaishe ta sai ta amsa da kalma biyu, ta juya ta yi wa ɗanta Barbarci, shi kuma ya fassara mini. Kamar a asibiti. Yaya zan bar 'yata a gidan da in ta ce “uwa” ba za a gane ruwa take nufi ba?

Ya ce, “Ni ma fa a hannunta na tashi, Salma, ga ni ban mutu da ƙishirwa ba.” Ban yi dariya ba. To, na ɗan yi.

Laraba, 17 ga Satumba

Gogo, tsohuwar da muke katanga ɗaya, ta shanya barkono a ƙofar gida. Minti ɗaya na juya baya. Sai ihu. Na tarar da Afra baki buɗe, jajaye biyu a hannu, hawaye har wuya. Gogo ta ɗura mata nono mai tsami, ni na ba ta mama, ta yi luf tana ajiyar zuciya. Da ta huce ta koma ta tsaya nesa da tabarmar, ta nuna barkonon ta ce “kul.”

Ina ba ta ina tunani: ranar Lahadi in ta yi irin wannan kukan, da me za a rarrashe ta?

Gogo ta ce duk uwa haka take ji, wai ita ranar da aka kai nata yaye har tuwo ta ƙona.

Asabar, 20 ga Satumba

Na haɗa kaya. Riguna tara, Baban Afra ya rage uku, na mayar bayan ya fita. Na rubuta takarda: “uwa” ruwa ne, “tata” takalmi, “bubu” duk abin da ke da ƙafa huɗu. Ba ta cin wake. Tana tsoron injin markaɗe. Sai da na cika shafi na tuna Hajiya ba ta karatun boko. Na dai sa a jakar.

Lahadi, 21 ga Satumba

Mun kai ta. A mota tun daga Gashua har Jajimaji tana yi wa shanu “bubu,” daga nan ta yi barci a ƙirjina, gumi ya jiƙa mu duka.

Gidan na ƙanshin turaren wuta kamar kullum. Hajiya ta karɓe ta, ta shinshina kanta, ta faɗi wani abu da ya sa matan gidan dariya. Ban tambaya ba. Akwai akuya da 'ya'ya biyu a bayan rumbu, Afra na ganinsu ta zame daga hannu ta nufe su. Hajiya ta yi mana alama da ido mu fice.

Ko sallama ban yi da ita ba. Bayan kanta kawai na gani, da kitson da na yi mata jiya.

Litinin, 22 ga Satumba

Na share gida da safe. Har la'asar a share yake.

Talata, 23 ga Satumba

Baban Afra ya kira Nguru. Sun daɗe suna magana, ni ina tsaye ina karanta fuskarsa. Ya ce lafiya lau. Na ce ka faɗa mini gaskiya. Ya ce ta ƙi cin abinci, kunu kaɗan ta sha jiya, yau ma haka, amma tana wasa.

Ƙirjina ya yi tam kamar an cusa duwatsu. Riga biyu na canja, nono na ta zuba. Na dafa shinkafa, na zuba a ƙaramin kwanonta kafin in tuna.

Alhamis, 25 ga Satumba

Yau sai na rubuta da tsawo, kada in manta.

Da safe na ce masa zan je Nguru. Ya ce in ta gan ki an koma farko, wahalar kwana huɗu ta tashi a banza. Na ce na sani. Ya dube ni, ya dubi rigata, ya ɗauko makullin babur ya kai ni tasha.

Na isa wajen sha ɗaya. Na tsaya a zaure na kasa shiga, na kasa komawa. Nan Hajiya ta same ni, ta fito zubar da ruwa. Na durƙusa. Na jira faɗa, ko ta kira wani ya fassara mini faɗan.

Ba ta kira kowa ba. Ta kama hannuna, ta zagaya da ni ta bayan ɗakin girki, ta shigar da ni ɗakinta, ta saki labule. Ta nuna mini taga. Ta ce, da Hausa, “Ka zauna nan. Ka gani, shi ba ya gani.”

Na leƙa. Ga Afra a gindin dalbejiya, daga ita sai wando, an shafe ta da mai tana ƙyalli. Kwano a gabanta, burabusko da miyar kuka. Ta damƙa ta kai baki, ta damƙa ta miƙa wa ɗan akuya, ta janye kafin ya kai, ta ƙyalƙyale. Loma ɗaya ita, loma ɗaya tsokana. Hajiya ta ce tun jiya da yamma ta gano dabarar: in akuya na so, ita ma tana so. Na ƙirga loma goma sha ɗaya. Na cusa mayafi a baki don kada ta ji ni.

Sai Hajiya ta dubi gaban rigata. Ta fita, ta dawo da ruwan ɗumi da tsumma. Kunya kamar in nutse. Ta ce, “Ni uwa ne, cire.” Ta gasa mini a hankali, ta kawo zane ta ɗaure ni tamau, ta sa aka kawo mini abinci da kifi banda.

Tana ɗaurin take ba ni labari, rabi Hausa rabi hannu. Wai lokacin yayen Baban Afra, Kumagannam aka kai shi wurin kakarsa. Kwana uku ta yi, ta hau motar kanwa ba wanda ya sani, ta je ta laɓe a bayan dangar gidan tana leƙensa. Shi kuwa yana zaune yana cin ƙasa. Ta ce tsohuwar ta kore ta da muciya. “Ni ban da muciya,” in ji ta.

Na yi dariya har zanen ya kusa kwancewa. Na ce, Hajiya, ashe kina jin Hausa haka, me ya sa ba kya yi da ni?

Ta matse tsumma. Ta ce, “Ranar biki na ce maka sannu da zuwa. Kai da ƙawaye kun yi dariya. Na ce to, Hausana ba kyau, in bari.”

Na tuna. Wallahi na tuna. Ta ce mini “ka zo lafiya, yarona,” ƙawayena 'yan Hadejia suka tuntsire a bayan mayafi, ni ma na taya su. Ina amarya, ban ɗauke shi komai ba. Ita ta riƙe shi shekara uku, ni kuma ina can ina cewa ba ta sona.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Ci kifi.”

Kafin la'asar ta fitar da ni ta inda muka shigo. Afra na barci a tabarma, ƙafa ɗaya a kan kwanon. Ban taɓa ta ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na gaya masa labarin motar kanwa. Bai taɓa ji ba. Cin ƙasar ne kawai ya musanta.

Talata, 30 ga Satumba

Ƙirji ya saki. Na je jami'a na gama rajista, na dawo na yi barcin rana na awa biyu cur, babu wanda ya ja mini gashi. Na ji daɗinsa, kuma na ji haushin kaina da na ji daɗin. Gogo ta ce in ci in ƙoshi, hutun na ƙarewa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Mun ɗauko ta.

Da muka shiga tana bayan Hajiya a goye. Ta kalle ni, ta kalli babanta, ta ɓoye fuska. Na durƙusa na ce Afra, ni ce. Ta leƙo da ido ɗaya. Aka sauke ta, ta tako a hankali kamar mai bin bashin gaisuwa, ta tsaya, ta ɗaga hannu ta ɗan mare ni a kumatu. Sannan ta faɗa jikina ta ƙanƙame wuyana. Na karɓi marin, na san na me ne.

Ta yi nauyi. An yi mata lalle a tafin ƙafa, an sa mata kwalli, tana ƙanshin gidan. Ta kai hannu gaban rigata sau ɗaya, Hajiya ta ce wani abu, sai ta janye ta ce “kul” da kanta.

Da za mu tafi ta yi kukan rabuwa da ɗan akuya fiye da na kowa. Hajiya ta rako mu har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba. Idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin girki ne.

Talata, 7 ga Oktoba

Ta tsaya gaban randa tana cewa “nji, nji.” Na miƙa mata biskit, ta ture. Na miƙa takalmi, ta zauna a ƙasa ta fara tsuke baki. Sai da babanta ya shigo ya ce ruwa take so, haka ake faɗa da Barbarci. Yanzu ni ce mai neman tafinta a gidana.

Ta kuma koyo “are,” wato zo. Da shi take kiran kaji, da hannu a ƙugu, sak tsayuwar kakarta.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ranar farko a aji. Na bar ta wurin Gogo, ta ɗaga mini hannu ko waiwaye babu. Na dawo na tarar ta cinye alalar Gogo. Alala fa, ta wake. Yarinyar da na rubuta wa shafi guda.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Baban Afra ya tafi gonar shinkafa tun safe, tsuntsaye sun dame su. Na gama wanki, na ɗora miya. Sai na ga waya a hannuna.

Hajiya ta ɗauka a bugu na biyu. Na ce “wushe,” yadda na ji suna gaisawa. Na san ban faɗa daidai ba, don fashewa ta yi da dariya har da tari. Na bar ta ta gama, haƙƙinta ne. Ta maimaita mini sau uku har na kama.

Na ce Afra ce ta dame ni in kira, tana ta neman kakarta. Muka yi maganar akuya, ɗayan ɗan ya yi ɗingishi amma ya warke. Ta koya mini yadda ake turara burabusko kada ya cuɗe. Ta tambayi karatu. Ta ce in an yi hutu in zo mu kwana biyu, ko ɗan nata bai samu zuwa ba. Na ce to, Ya. Haka ya fito, ban shirya ba.

Minti talatin da huɗu, na duba. Miyar ta kama kaɗan.

Ba ta ce a ba ta Afra ba, Allah ya taimake ni. Yarinyar tun sha biyu take barci.