Firjin da Aka Ce Kada In Taɓa

Murgab, 9 ga Oktoba

Yaya Toktosun,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Jipar da yara. Inna tana gaishe ku. Sauƙin jikinta dai kamar yadda ka bar shi, allurar ciwon suga safe da yamma.

Na rubuto ne tunda ka kashe mini waya ina cikin magana. Takarda kam ba ta da maɓalli.

Firjin da ka aiko daga birnin Osh ya iso. Dogo, mai ƙofa biyu, har maƙwabta sun fito kallo, na san kuma abin da kake so ke nan. Bai shiga ɗakin murhu ba saboda tsayi, sai masu motar suka jingina shi a zaure. Tsohon firjin Baba kuma suka fitar da shi tsakar gida bisa umarninka, kamar mushe.

Duk wannan ban ce komai ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne saƙon da ka ba Inna. Ta maimaita mini tana kau da kai: "Yayanki ya ce kada ki taɓa shi da sukudirebarki, wai wannan ba irin tarkacen da kike lallaɓawa ba ne, garantinsa zai lalace."

Tarkace! Shekara goma sha tara ina riƙe da shagon gyaran firji na Baba tun da ka tsere birni. Ni nake canja robar ƙofa duk lokacin da bushewar iska ta tsattsage ta. Ni na san injin da aka ƙera don kwari yana haki a kan dutsen nan kamar baƙo. Kai rabonka da lokacin sanyi a gida shekara nawa? Ka ma tuna yadda zauren nan yake a Disamba?

Na ji umarni. Wallahi ko ƙurar kansa ba zan goge ba.

Ƙanwarka,
Burul

Murgab, 14 ga Disamba

Yaya Toktosun,

Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Mu nan babu lafiya.

Direban da zai ba ka takardar nan shi ya taya ni ɗaukar Inna zuwa asibiti ranar Talata. Da hantsi na kai mata shayin madara na tarar da ita a gefen murhu, ina kira ba ta amsawa. Kafin nan ta yi mako biyu tana shan ruwa kamar ba ta taɓa gani ba, tana cewa allurar ba ta kama ta. Likita ta ɗaga kwalbar maganin a hasken taga, ta tambaye ni a ina muke ajiye shi. Na ce a sabon firjinka. Maganin ya daskare ya narke ba sau ɗaya ba. Ruwa kawai Inna take tsira wa kanta.

Bari in karantar da kai, tunda kai sayarwa ka iya. Firji ba ya ɗumama komai. In zaure ya fi cikinsa sanyi, injin kwanciya yake yi, sanyin waje ya ratsa ciki ya ƙame duk abin da ya samu. Shi ya sa Baba ya ajiye nasa kusa da murhu, ya kuma maƙala ƙaramin ƙwan fitila a ciki wanda ba ya mutuwa duk lokacin sanyi. Kana yaro kana yi masa dariya, wai Baba yana haska wa cuku hanya. Wannan ƙwan shi ya tsare maganin Inna shekara bakwai.

Ka aiko da saƙo wai in kira kamfani. Daga ina? Su hayo kwana guda a mota cikin ƙanƙara don su gaya mini abin da na sani tun ina da kitso biyu?

Inna ta farfaɗo jiya, amma idanunta sun dushe. Ta ɗauki ma'aikaciyar jinya a matsayina. Ka ajiye takardar garantinka da kyau, ka nuna wa duk wanda ya tambaye ka jikin mahaifiyarka.

Burul

Murgab, 3 ga Janairu

Yaya Toktosun,

Gaisuwa gare ka da Jipar. Na ga amsarka, har da inda hawaye ya ɓata tawada. Kada ka zaci ya sanyaya mini zuciya.

Ka tambaye ni abu ɗaya a ƙarshen takardar, na yi kwana huɗu ina zaginka a kansa: tunda na san halin zauren, me ya sa ban fitar da maganin ba?

To ga amsa. Na sani. Tun ranar da aka sauke shi na sani. Farkon sanyi na buɗe shi, na tarar madara ta yi ƙanƙara a baki, na mayar da ƙofar na rufe. Na ce a raina bari nama ya lalace, bari madara ta fashe kwalba, Inna ta kira ɗanta mai firji ta gaya masa da bakinta. Kwalaben maganin suna jere a jikin ƙofar, a gaban idona. Na gan su, Yaya. Na ce gobe zan kwashe, goben ta kai wata guda, domin kwashewar ma ina ganin taɓawa ce.

Inna ta dawo gida. Na share firjin Baba, na sa masa sabuwar roba, na mayar da shi gefen murhu. Naka kuma na kwance bayansa, na ja masa waya na sa ƙwan fitila. Garantin ya tafi, ka yi abin da za ka yi.

Shekaranjiya ina gasa mata ƙafa na gaya mata komai. Sai ta ce: "Shi ya saya don a gani, ke kin ƙi gyarawa don a gani. To ni yanzu ba na gani sosai, sai ku nemi wani ɗan kallon." Daga nan ta juya fuskarta bango. Tun lokacin ba ta kira sunana ba, sai dai ta ce "ke".

Kai ma ba ta ambace ka ba. Amma duk motar da ta tsaya a titi sai ta ɗaga kai.

An ce hanyar dutse a buɗe take har ƙarshen mako. Ka zo, kada ka aiko da kaya. Ba zan tarye ka a tasha ba, kuma ban ce na yafe maka ba. Kawai dai ba zan ci gaba da zama ni kaɗai a gabanta da laifin mutum biyu ba.

Ƙanwarka,
Burul