Shekara Biyar Ina Yi wa Akwati Magana

Ya Malam mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni, abin da ke cikina ba ni da wanda zan buɗe baki in gaya wa a garinmu. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun fartanya ne, rani biyu kawai na yi a ajin yaƙi da jahilci. Amsar ka ba ni ita a jarida, don wasiƙa in ta zo mana sai ta bi ta hannun dagaci, kafin ta iso ni rabin gari ya san abin da ke ciki. Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, na haura sittin. Sunayen da zan sa duk na aro ne.

Ɗa namiji guda ɗaya Allah ya ba ni, shi ne kuma ɗan farina. Mu ce masa Mika'ilu. Ka san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in zan aike shi sai in ce kai, in zan yi zancensa in ce yaron nan. Shekara guda kafin zuwan Sarauniyar Ingila muka saɓa a kan gandu. Yana so in yanka masa gonar bakin rafi ya ci gashin kansa, ni kuwa na ga raini ne. Na ce masa in ya bar gandu kada ya ƙara tako mini ƙofar gida. Faɗa ne na fatar baki, bai kai zuci ba, amma shi ya ɗauka da gaske. Ana gama kaka ya hau mota ya tafi haƙar kuza wajen Bukuru.

Bayan shekara biyu gyaɗa ta yi mini kyau, na shiga Kano na sayo akwatin rediyo mai batir, na ɗaura wayarsa a kan tsamiyar bayan ɗakina. A wannan tafiyar, a kantin da ake awon gyaɗa, na ga akawu ya kara wani abu a kunne yana magana. Aka ce mini da mutumin Ikko yake yi, yana faɗa ana ba shi amsa. Na riƙe wannan a raina. Na ce in ɗan abin nan da bai fi ludayi ba yana kai magana Ikko, ina ga akwatin da sai da jaki na ɗauko shi daga bakin hanyar mota. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya a ciki ba.

Wata Lahadi bayan la'asar ina ɗaki ni kaɗai, ana filin gaishe-gaishe, sai na ji mai magana ya ambaci sunan yaron nan daga Bukuru, wai yana gaida mahaifinsa da mahaifiyarsa, yana neman gafara. Na tashi na tura ƙyaure, na durƙusa, na kafa bakina a jikin ƙyallen da murya ke fitowa, na kira shi da sunansa, karo na farko tun da aka haife shi. Na ce na yafe, ya dawo gida.

Daga ranar kowace Lahadi haka nake yi. In ba shi labarin dawa, in gaya masa jakarsa ta haihu, in gaya masa gonar bakin rafi tana nan na bar masa. Mai magana kuwa kullum sai ya ce saƙonninmu suna isowa, mu ci gaba da aikowa, ni kuma in ce madalla. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ba sai na zauna gaban magatakarda na ce ya rubuta wa ɗan farina ina roƙonsa ba. Matata Saude, uwarsa, ita kaɗai ta sani, don tana jiyo ni ta katanga, amma ba ta taɓa ɗaga mini zancen ba. Shekara uku ba amsa. Tun ina ba shi uzuri har na yanke cewa yana ji, kunnen uwar shegu ya yi da ni.

Daminar da za a ba mu mulkin kai Saude ta kwanta. Lahadi uku a jere ina gaya wa akwatin nan uwarsa ba lafiya, ya taho ko da a ƙafa ne. Ta ce mini in tura ƙanenta Ɗanmalam ya je ya zo da shi. Na ce akwatin ya fi kowace mota sauri, kuma na riga na faɗa masa. Bayan kwana biyar ta sake cewa ita dai a tura mutum. Raina ya ɓaci, na ce ba zan yi wa yaro aike biyu ba, sai ka ce shi ya haife ni. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗago kai ta kasa kunne. Ranar Talatar da za ta cika ta tambaye ni ko na faɗa masa sosai, na ce sarai ya ji. Da wannan maganar tawa ta tafi.

Bayan kaka ya zo. Wani mai goro na Rano ne ya gamu da shi a kasuwar can ya yi masa ta'aziyya, ta haka ya ji. Ya same ni a zaure, liman yana nan, dattawa suna nan, ya zube yana kuka. Ban amsa sallamarsa ba. Na ce wanda aka gaya wa sau uku uwarsa na mutuwa ya ƙi zuwa, ba shi da abin yi a gidan nan. Ya rantse da Allah saƙo bai same shi ba, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Na ce masa maƙaryaci, na san saƙona ya same shi. Mutane suka ɗauka wani na aika, kuma wa zai tsare dattijo da tambaya a zaman da ake maganar rasuwar matarsa? Kawunsa Ɗanmalam ya raka shi makabarta, ya kwana can gidansu, gari na wayewa ya koma. Ya bar mini wani ƙunshi, da alama riga ce, har yau ban kwance ba.

Bana zuciyata ta sauko, na koma durƙusona na Lahadi. Sai akwatin ya fara kwarmato, ran kasuwar Kibiya da ta wuce na ɗora shi a jaki na kai wa Abdulganiyyu, mai gyaran agogo da rediyo da ke zuwa daga Kano. Da ya gama na sassauta murya na ce ya duba mini kunnen ma, ina jin ya toshe, don na daɗe ina ba da saƙo ba a amsawa. Ya dube ni, ya sa na maimaita. Da ma dariya ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya buɗe bayan akwatin a hankali, ya nuna mini wasu 'yan kwalabe da wayoyi, ya ce babu kunne a ciki, ba a taɓa ƙera rediyo da shi ba. Masu maganar suna can a ɗakinsu da tasu na'urar dabam, gaisuwar da suke karantawa a takarda ake aika musu ta gidan waya. Ya ce ko yarinyar da ke tallan fura ta san wannan, sannan ya ga fuskata ya mayar da bayan akwatin ya rufe.

Na zauna gefen masu awon hatsi har kasuwa ta watse. Shekara biyar, Malam, ko kalma ɗaya ba ta fita daga ɗakin nan ba. Bai ji na yafe ba, bai ji zancen gona ba, bai ji uwarsa na kiransa ba. Gaskiya ya rantse a kai, ni na ƙaryata shi gaban liman. Ita kuma na sa ta mutu tana ganin ɗanta ya guje ta. Na ji an ce an yi masa haihuwa, an mayar da sunan Saude, suna ce wa yarinyar Iya, ko goron suna ba a aiko mini ba, kuma ban ga laifinsa ba.

In na yi magana na zama abin dariya, tsohon da ke hira da akwati, kafin sati 'yan mata sun sa ni a waƙar dandali. In na yi shiru in mutu yana ɗauke da ƙazafin da na yi masa. Kuma ko na je, da wane ido zan dube shi, wa zai yarda da irin wannan wauta? Wallahi na fi jin cewa lokaci ya riga ya wuce. Ka gaya mini ko akwai sauran abin yi.

Naka cikin baƙin ciki,
Wani tsoho daga ƙasar Rano

AMSA

Baba, wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Saude, ya sa ta huta.

Bari mu fara sauke maganar wauta, don ita ce ƙarama. Ni da nake ba ka amsa na haura talatin, ina koyar da yara a makaranta, kafin na san cewa waɗanda ake harbewa a silima tashi suke yi su je gida su ci tuwo. Na san magatakardan alƙali da yake hutar da faifan garmaho don kada mawaƙin ya gaji. Na san dattijuwar da har gobe sai ta ja mayafi in namiji ya fara magana a rediyo. Kayan nan jiya jiya suka zo mana, ba wanda aka haifa da saninsu. Kai ma ba da ka ka yi ba, ka ga waya na kai magana ka auna da ita. Rashin sanin cikin akwati ba zunubi ba ne, kuma kwanan Saude ne ya ƙare, zuwan ɗanta ba zai ƙara mata ko yini ba.

Amma ba zan shafa maka mai a baki ba, akwai naka a ciki. Sau biyu mara lafiya ta ce a tura mutum, girman kai ya hana. Ɗanka ya durƙusa gabanka ya rantse da Allah, ka ƙi sauraronsa. Akwatin an ƙera shi ba kunne, kai kuwa Allah ya ba ka biyu. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, amma an yi ta ne don a ɓoye so a idon jama'a, ba don a ɓoye wa yaron kansa ba. Shi ma Mika'ilu ya yi sake, gaisuwa ɗaya a shekara biyar ta yi kaɗan ga mai iyaye da rai. Sai dai ka duba abin da yake ɗauke da shi yau: ubansa ya kira shi maƙaryaci gaban liman, kuma yana kwana yana tashi da tunanin uwarsa ta mutu tana fushi da shi.

A nan ne nake ganin ka karanta Saude ba daidai ba. Uwar da ta yarda ɗanta ya ji ya ƙi zuwa ba ta cewa a tura mutum, kuma ba ta ɗago kai in an yi sallama. Ta san abin da ta haifa, ta san in ya ji zai zo, akwatinka ne ba ta yarda da shi ba, ta dai bar ka ne don ladabi. Wannan magana kai kaɗai ne a duniya za ka iya kai masa ita, in ka mutu da ita ta tafi ke nan.

Ga abin yi. Ka fara da Ɗanmalam, ka gaya masa komai yadda ka gaya mini. Ran Juma'a ka tara liman da dattawan da suka ji ka ƙaryata yaron, ka wanke shi a gabansu, tunda a gabansu ka ɓata shi. Kada ka ja lokaci, domin aron suna ba zai ɓoye ka ba, duk ɗan ƙauyenku da ya karanta wannan ya gane ka, gara su ji daga bakinka. Za a yi dariya, ba zan ce ba za a yi ba. Waƙar dandali rani guda take yi a manta, kuma masu hankali a cikinsu za su koma gida su yi shiru, don kowa da nasa abin da ya sani a makare.

Sannan ka kwance ƙunshin nan, ka sa rigar, ku hau motar Jos kai da kawunsa tun hanya na bushe. A Bukuru ku nemi masaukin mutanen Rano, ko mai goron nan ya yi muku kwatance. Kada ka rubuta wasiƙa, kada ka aika gaisuwa gidan rediyo. Ban yi maka alkawarin zai huce a zama ɗaya ba, yana iya barinka tsaye a ƙofa yadda ka bar shi. In haka ta faru ka jure, ka kwana a garin, ka koma da safe. In ya fito, ka kira shi da sunan nan da ka shekara biyar kana kira a bayan ƙyaure.

Saude ta ce a tura mutum, Baba, kuma har yau ba a tura ba. Ka tashi ka je da kanka. Allah ya kai ka lafiya, ya sanyaya zuciyar ɗanka, ya nuna maka Iya ƙarama a kan cinyarka.