Tayar Maccido Ta Karya wa Inna Hannu

Assalamu alaikum Malam Ɗantani mai filin shawara. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, don Allah don Annabi ka taimake ni tun ban aikata abin da dangi za su daɗe suna zancenshi ba. Wallahi zuciyata tafasa take yi.

Mu biyu ne maza wurin mahaifiyarmu, ni da wana Maccido, gida ɗaya muke nan Talata Mafara. Babur guda munka haɗa hannu munka saya. Shi albasa yake kwasa da shi daga gonarmu ta Bakolori zuwa kasuwa, buhu bisa buhu sai ka ce jaki. Ni kuwa aikina da shi ɗaukar Inna. Tun rasuwar mahaifinmu ta ɗaura wa kanta zagayen zumunci duk bayan girbi. Ta kwana biyu Jangebe wurin ƙanwarta, ta wuce Maradun wurin ɗiyarta Hasana, ta ƙare Bakura wurin autarmu Taiba. Shekara da shekaru ni ke kai ta, ko ƙwarzane ba ta taɓa samu ba.

Bara ni na zaɓi taya, mai laushin roba, mai zurfin zane, wadda in ka shiga laka za ka ji ta kama ƙasa. To, ta suɗe da wuri, ban musa ba. Amma wa ya suɗe ta in ba albasarshi da kwalta ba? Bana ban ji ba ban gani ba, sai na tashi na iske babur da sababbin tayoyi gaba da baya, irin masu taurin tsiyan nan da zanensu bai fi na tabarma ba. Da na yi magana, wai damina ta wuce, babu sauran taɓo, me za a yi da taya mai laushi cikin rani. Malam, manomin rani ne fa ke faɗin haka da bakinshi! Wa bai sani ba tun da anka sako ruwan dam ɗin Bakolori rani ya zama lokacin taɓonmu? Kanal, magudanar da ke kai ruwan gonaki, cike take, masu ban-ruwa su fasa ta su manta ba su toshe ba, ruwa ya kwana bisa hanya, sama ta bushe, ƙarƙashi yumɓu mai santsi kamar miyar kuɓewa. Ga shi kullum sai ya sa Gajere mai faci ya ɗura wa tayoyin iska har su koma dutse, don su ɗauki buhunanshi.

Taiba cikinta ya tsufa, Inna ta ce in kai ta ta gano ta. Na bi hanyar bakin kanal don ta fi kusa, kuma babu manyan motoci. Munka iso inda ruwa ya kwanta, na ɗan taɓa birki kawai, gaban babur ya tafi abinshi. Inna ta dafa ƙasa, wuyan hannunta na dama ya karye. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin, har yau ina jin ta. Masu dashen shinkafa sunka taimake ni munka kai ta wurin maɗori.

Ka san abin da mutumin ga ya yi? Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya bi majalisa da ƙofar masallaci yana gaya wa mutane ban iya tuƙi ba, wai gaggawata ta kusa kashe tsohuwa. Ni! Matarshi Saude ta daina amsa gaisuwar matata, yara ma an hana su cin abinci kwano ɗaya. Na ce a canza tayoyin, ya ce ko zare ba za a taɓa ba, don in an canza mutane za su ce ya amsa laifi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, wata mai kamawa Taiba za ta sauka, Inna kuma ta ce ko da ɗori sai ta je suna. Maccido ya ce shi zai ɗauke ta, bisa tayoyin nan, ta hanyar nan da munka faɗi, don gari ya ga wa ya iya tuƙi. Ni kuma na rantse da Allah ranar da ya ɗora ta zan sa wuƙa in tsarge tayoyin, a sayar da babur, a ja katanga tsakar gida. Ka rubuta a jarida ɓaro-ɓaro cewa tayarshi ce ta karya Inna, in karanta mishi ƙofar gida gaban kowa. Sannan ka gaya mini wace taya ce ta gaskiya.

Mai ƙunar rai, Talata Mafara.

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Sandar da kake nema ka doki wanka ba za ka same ta a filin nan ba, don ku biyun duka kuna da laifi, naka ma ba ƙarami ba ne.

Maccido bai yi ƙarya ba. Taya mai laushi ƙarƙashin buhunan albasa a kan kwalta mai zafi cinyewa take yi, wanda ya nemi mai ƙarko bai yi rowa ba. Kuskurensa biyu ne: ya yi wa hanyar kanal lissafin damina da rani kamar ba a gina dam ba, ya kuma sa mai tauri har a gaba. Kai kuwa ka ga tayoyin da idonka, ka san iskar albasa ce a cikinsu, ka fi kowa sanin wannan hanya, amma ka ɗora tsohuwa ka shiga. Ka hangi jiƙaƙƙen wuri ba ka tsaya ba, sai da ka shiga tsakiya ka taɓa birki. Babu tayar da aka ƙera da za ta riƙe jiƙaƙƙen yumɓu. A irin wurin nan tsayawa ake yi, a sauke fasinja, a tura babur.

Batun zaɓi, gaba da baya ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta gaba ita ke riƙe hanya da birki, in ta goce an faɗi. Ku sa mata mai laushi mai zurfin zane, tunda kaya ba a kanta suke ba za ta daɗe. Ta baya ita ke shan nauyi, ku nemi mai kaurin roba, matsakaiciyar tauri, wadda zanenta ke da faɗin da zai riƙa watsar da laka. Ka danna farce a jikinta kafin ka saya, wadda ta daɗe a rana har ta fara tsattsagewa ka bar wa mai shago kayansa. In an sauke albasa a rage iska, amma kada ta yi laƙwas. Sabuwar taya ma tana da santsi, a ɗan yi kwanaki ana hawa kafin a ɗauki mutum.

Kada ka karanta wa kowa wannan a ƙofar gida. Ka sayi ta gaba da kanka, ka bi ta hannun ƙanwar Inna ta Jangebe ta gaya wa Maccido, a ajiye tasa don ranar buƙata, kada wanda ya ambaci laifi. Wuƙa ka mayar da ita kube, ka yi kaffarar rantsuwarka, katanga kuma ka manta da ita.

Sannan ku ji da kyau, kai da shi. Uwarku ba buhun gwaji ba ce. Mai ɗori a hannun dama da me za ta riƙe direba? Ko da wace irin taya, ko bayan wa, kada ta hau babur sai maɗori ya sallame ta. Ranar suna ku sa ta a mota ta bi kwalta, ku biyu ku hau babur ɗinku ku bi ta kanal ɗin in kun ga dama. In za a faɗi, ku faɗi ku kaɗai.

Allah ya sauki Taiba lafiya, ya haɗa ƙashin Inna, ya sanyaya zukatanku.