Ku Bar Ragon Ruwa Ya Yi Ƙwai

Fatakwal

Zuwa ga Yaya Nasidi, Birnin Tudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Gwaggo? A gaishe ta da kyau, da su Taibatu da yara.

Ni lafiya lau. Ina nan ina dakon kifin ƙanƙara a sito. Sanyin wurin kan tsattsaga hannu, amma an saba, kada a faɗa wa Gwaggo.

Sufyanu ya turo mini hoton gayyar da kuka yi a gulbi. Na ga kun tuge ciyawar kacalla, kun kwashe ledoji, kun nutsar da rassan giyayya a gurbi, inda ruwan ya fi zurfi, don kifi ya samu maɓoya. Ya ce har ragon ruwa ya dawo, wanda rabonmu da shi tun muna yara. Wallahi ranar na yini ina murmushi. Allah ya saka muku da alheri.

Sai roƙona. Na ji Gwaggo ta ce na rame, a kamo ragon ruwa ɗaya a banda shi, a aiko mini. Yaya, kada ka yarda. Sarkin Ruwa ya rufe gurbin sai bayan damina, kuma gidanmu ne ya kira gayyar. In muka jefa koma, gobe kowa zai jefa.

Kwalekwalena da ke bayan rumbu, a ba masu gadin gurbin.

Ka ce wa Gwaggo kifi bai gagare ni a nan ba, kullum a kaina yake yini. Na gida kuwa, a bar shi ya yi ƙwai. In na dawo, a hannunta zan ci.

Ƙanenka,
Ɗantala