Ƙafafuna a Talabijin

Zuwa ga aminiyata Gajera,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikoki. Yaya ƙugun naki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na iso gidan wankan ruwan zafin nan da Autana ya kawo ni. Kin san likita ya ce guringuntsin gwiwoyina ya cinye, shi ya sa suke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa da zafinsa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da safe a zaunar da mu ciki, sannan a lafta mana baƙar laka mai ɗumi, a naɗe da tawul. Ni da na tsufa ina dukan yara kan wasa da taɓo, yau ga ni kwance cikinsa!

Gaskiya ina jin daɗi. Sagewar da nake tashi da ita ta ragu. Akwai wata ma'aikaciya da ke ɗaukata a waya, ta ce don likita ya ga yadda nake samun sauƙi. Na ɗan ji nauyi, amma Auta ya ce kada in damu. Ki taya ni sa masa albarka, ban san ina ya samo ƙarfin wannan hidima ba.

Taki,
Doguwa

Gajera,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Saƙonki ya same ni, na ji kin ce kin gan ni a wayar jikarki ina tafiya ba sanda, har kina shirin tahowa. Dakata tukuna.

Ni ma na gani, a talabijin ɗin ɗakin karɓar baƙi, maza da mata zaune suna kallo. Ga ni kwance, zane a yaye har cinya, bakina a buɗe ina gyangyaɗi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai aka nuno ni ina takawa, wata murya tana cewa na warke sarai. Tafiyar nan, karɓe mini sanda suka yi na ɗan lokaci, hannuna ɗaya yana kan ƙarfen bango, suka yanke shi daga hoton.

Na je wurin manaja. Ya ce ɗana ne ya amince, a kan haka aka karɓe ni kyauta. Na kira Auta. Bai ko musa ba. Cewa ya yi da ya faɗa mini da ban yarda ba, kuma ai ƙafa ce kawai. To ai shi ya sa ya kamata ya tambaye ni, Gajera. Ya san zan ƙi, ya bi ta bayana.

Gobe zan tattara kayana.

Taki,
Doguwa

Aminiyata,

Ina fatan kin tashi lafiya. Na dawo gida. Sun cire ni daga talabijin ɗinsu, amma wanda ya bazu a wayoyi ba mai dawo da shi. Har mai kayan miya ya yi mini barka da warkewa, yana kallon sandata.

Idan za ki je, ki je da saninki. Ɗumin yana rage zogi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma har yau a zaune nake sallah.

Jiya Auta ya zo ba ni haƙuri, da kwalbar man zafi a hannu, zai shafa mini kamar yadda ya saba tun yana sakandare. Ina jin sallamarsa, hannuna ya ja zane ya rufe ƙafafuna har tafin sawu. Ban yi niyya ba. Ya gani, ya ajiye kwalbar a bakin ƙofa. Na ce na yafe masa, kuma ina roƙon Allah Ya sa gaskiya na faɗa. Amma ban buɗe ƙafafun ba har ya tafi.

Ki zo ki gan ni in ƙugun ya bar ki.

Taki har kullum,
Doguwa