Kamu Ukun Saman Katanga

Laraba, 3 ga Rabi'us Sani, 1331

Yau mai unguwa Hayatu ya zaka da malamin Nasara, riƙe da gora mai zane-zane. Sunka jingina ta ga katangata. Wai duk katangar da ke bakin sabuwar hanya kar ta wuce kamu huɗu, don iska ta ratsa gidaje. Tawa bakwai. Nic ce, "Hayatu, iska ta kai ƙarata?" Yac ce, "Baba Maigandi, ni ma aiko ni anka yi." Yaron da nis sani ba wando.

Alhamis, 4 ga wata

Ba ni rushewa.

Asabar, 6 ga wata

Su mi sunka sani? Shekarar da nik kawo amaryata Inno, katangar kamu huɗu ce. Buzaye na wucewa kasuwa da gishiri. Ran nan tana daka, wani daga bisa raƙumi yac ce mata sannu da aiki. Ita dariya tay yi. Ni ban yi ba. Wanshekare nis samo raƙumi, niɗ ɗora Mode maƙwabcina, ina gini shina leƙe, har yac ce, "Ban ganin komi." Haka aka auna katanga, da raƙumi, ba da gora ba. Inno ita tac cura tubalin duka, tana yi mani ba'a: "Malam, ka dai bar ma tsuntsaye hanya."

Shekara arba'in ke nan. Ko arba'in da ɗaya.

Juma'a, 12 ga wata

Mode ya rage tashi katangar tun shekaranjiya, ba ko musu. Mun hito masallaci yac ce, "Maigandi, wa kaka ɓoyo yanzu, akuya?" Damina huɗu da rasuwar Inno, shi kuwa ya sani. Tun muna yara bakinai haka yake.

Litinin, 15 ga wata

Dogarai biyu da magina. Nit tare ƙofa. Nic ce in dole ne, hannun da yag gina shi ka saukewa. Sunka ba ni kwana uku.

Laraba, 17 ga wata

Bayana kamar ba nawa ba. Da nib ɓamɓare yaɓen sama, sai ga tubali, kowane da shaidar yatsun Inno. Ƙaramin na hagu a karkace, wanda taɓarya tat taɓa dannewa. Na manta da shi, wallahi na manta. Nis sauko, niz zauna. Na kai biyar ɗaki, sauran na jera gindin zaure. Kowa ya taɓa su mu gamu.

Juma'a, 19 ga wata

Iskar da sunka ce, ban ji ta ba. Sai hayaniyar masu jakai.

Litinin, 22 ga wata

Da hantsi ina alwala tsakar gida, niɗ ɗaga kai. Kan gorubar maƙabarta, wadda munka aje Inno ƙarƙashinta, ga shi nan sarai. Ashe daga nan ana ganin ta. Duk damunan nan huɗu.

Na mai da tabarma wannan gehen. Inuwa ta hi kyau nan, shi ke nan.

Mode ya leƙo da la'asar, a ƙasa, ba raƙumi. Yac ce, "To, yanzu ina gani." Nim miƙa mai goro ta bisa katanga, don dai shi tahi. Bai tahi ba. Ban kore shi ba.

Ban ce sun yi daidai ba.